Wasiƙa a Cikin Takalmi

Shekara uku na yi a Alƙahira, wasiƙa biyu kacal suka iso hannuna daga gida. Ta farkon a cikin takalmina na tsince ta. Wadda ta saka ta a ciki kuwa, duk ƙasar Masar babu wanda ya kai ta yi mini alheri, kuma babu wanda ya yi mini ɓarnar da ta yi.

Unguwar Darrasa na fara sauka, da akwatin kwano da takarda mai hatimi daga wani Ustazu Bashari, mai kantin littattafai, wanda ya je har Kano ya yi wa irina alkawarin gurbi a jami'a. Mutum ne mai fara'a. In ya gan ka sai ya rungume ka, ya sa a kawo shayi. Wata takwas ina shan shayin nan. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Bukra, in sha Allah, ya Auwal," wato gobe. Da na gaji na je ofishin jami'ar da kaina, magatakarda ya duba rajista sama da ƙasa, ya ce ba a taɓa kawo musu sunana ba. Na koma kantin in yi wa Ustazu magana, sai idona ya faɗa kan wata ambulan a kwandon shara, da sunana a bayanta da rubutun ƙanena Sani, an yage bakin an zare abin da ke ciki. Ta kantinsa ake aiko mana da wasiƙu. Da na nuna masa, kafaɗa ya ɗaga ya ce, "Ma'alish," wato ba komai, a yi haƙuri. Larabci na zo nema, kalmar da na fara ƙoshi da ita ke nan, kuma na tsane ta tun daga ranar.

Mu shida ne a ɗaki, duk 'yan Arewa. Da safe kowa ya ɗauki littafi ya tafi aji, ni in tsaya in wanke kwanuka. Babu wanda ya goranta mini, amma tausayin da suke ji na ya fi gori ciwo. Wata safiya da suka fita na ɗauki akwatina na bar unguwar, ban faɗa wa kowa inda na nufa ba.

Gida ma na daina rubutawa. Me zan ce? Ni ne ɗan fari a wurin Inna, mahaifinmu ya rasu tun ina ƙarami, duk Ringim an san Auwalu ya tafi Masar zai dawo malami. Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta faɗi sunana ba. "Kai" take ce mini, in ba na nan kuma "wancan". In ta dafa abin da nake so ba za ta miƙo mini ba, sai ta ajiye a bakin ƙofa ta ce da Sani, "Ka ce da wancan ga abinci nan." Na baro ta da wani tari da take cewa hayaƙin murhu ne. Tarin nan ya biyo ni har Masar, duk tsohuwar da ta yi tari a cikin bas sai na waiwaya.

A Ainu Shams na sami ɗaki a saman wani bene, kusa da kejin tattabarun mai gidan. Da zafi kwanon rufin ya gasa ni, da sanyi iska ta shigo ta ko'ina. Na yi dako a kasuwa, na yi wanke-wanke a gidan abinci, na ci dafaffen waken nan nasu da suke ce wa ful safe da yamma har na daina jin ɗanɗanonsa. Mai gidan ne ya ga na rame, ya haɗa ni da ɗan'uwansa Ammu Ramadan, mai gadin wani bene a Dokki, ya ce akwai wata tsohuwar Baturiya da ke neman mai aiki.

Sunanta Madam Pilar, 'yar ƙasar Sifaniya. Gajeruwa ce mai farin gashi, tana dogara sanda, tana Larabci irin na kasuwa da sauri kamar ana korar ta. Mijinta likita ne Bamisire, ya rasu, ba su haihu ba. Na taɓa tambayar ta me ya hana ta komawa ƙasarsu, ta ce, "Wa zai riƙa zuba ruwa a kabarinsa?" Aikina shara, cefane da wanke-wanke. Naman alade ita take yanka abinta, da wuƙarsa da farantinsa daban, tun ranar farko ta ce kada in taɓa.

Wata rana muna gyaran kifi ta tambaye ni ko ina da uwa. Na ce tana nan. Ta ce yaushe na rubuta mata. Na ce na daina rubutawa. Ta ajiye wuƙa ta dube ni.

"Kana da uwa a raye, ya Awal, kana nan kana ɓare mini kifi ba ka rubuta mata? Kai wane irin mutum ne?"

"Madam, ba ni da abin faɗa. Karatun da aka turo ni bai yiwu ba."

"To ka faɗa mata haka! Uwa ba takardar shaida take jira ba. Yalla, wanke hannunka."

Ita ta ba ni takarda da ambulan da kan sarki, ta tsaya a kaina har na gama. Na faɗi gaskiya duka, na sa adireshin gidanta. Daga ranar na shiga jira. Kowace safiya kafin in hau bene sai na tsaya wurin Ammu Ramadan, shi ke karɓar wasiƙun gidan, in ce, "Ammu, akwai wasiƙa?" Ya girgiza kai ya ce, "Lissa, ya ibni. Tukuna, ɗana." Madam tana jin mu daga baranda.

A shekarar nan Sallar layya cikin Disamba ta faɗo. Ni kaɗai na yi ta a saman bene, sai ɗan naman da Ammu Ramadan ya ƙunso mini a jarida, Allah ya saka masa. A gidan Madam kuwa wani biki ne ya kankama. Ta sa na sauko da wani akwati daga saman kabad, ta share tebur guda a falo, ta gina ɗan ƙauye na yumɓu a kai: gidaje, tumaki, makiyaya, mace mai wanki a bakin kogin da aka yi da takardar azurfa ta kwalin sigari. A tsakiya ga garke, inda za a kwantar da jaririn da suke cewa Annabi Isa ne, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Belen take ce wa abin. Ta ce a ƙasarsu kowane gida sai ya yi.

Na ce, "Madam, shara zan yi, wanke-wanke zan yi, amma gumaka ba zan taɓa ba."

Ba ta ji haushi ba. Ta fito da wasu guda uku, sarakuna ne a kan raƙuma, ɗaya fari mai gemu, ɗaya ja, ɗaya baƙi wuluk kamar ni. Ta ɗora su can nesa, a ƙarshen doguwar kantar da ke jikin bango. Ta ce daga gabas suka taso suna bin tauraro, kullum za a matsar da su kaɗan, sai ran shida ga Janairu za su iso garken da kyaututtukansu. Ta ce kafaɗarta ba ta kai wa kantar.

"Ba sarkin za ka taɓa ba," in ji ta. "Raƙumin za ka tura. Ko raƙumi ma haramun ne?"

Na yi dariya. Ban san fatawar da malamanmu na Darrasa za su bayar ba, amma na karɓi aikin. Kowace safiya in sa ɗan yatsa a gindin raƙumi in tura shi kamar faɗin yatsa uku. Baƙin nan shi ne a baya, sai na riƙa yi masa ƙari a ɓoye har ya wuce na jan. Madam ta gane, ta ce son kai nake yi.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki na lura Ammu Ramadan ya canza. In na ce akwai wasiƙa, sai ya kau da kai yana murmushi ya ce, "Khair, khair, in sha Allah." Na ɗauka ya gaji da tambayata ne yake lallashi na.

Ran jajiberen Kirsimeti baƙi suka zo mata, tsofaffin 'yan ƙasarsu su biyar da suka maƙale a Masar kamar ita. Na gasa musu ƙafar rago, ta fito da wata alewa ta zuma da almon da aka aiko mata, mai tauri kamar kantun riɗi, ta gutsura mini. Wani tsoho ya zo da tulu da aka ɗaure wa baki da fata, da kara a tsakiya, in ya murza karan sai ya yi gurnani. Suka yi ta waƙa suna tafi. Kafin in tafi kama jirgin ƙasan Ainu Shams na ga biyu daga cikinsu suna kuka suna ci gaba da waƙar. Na gane kukan sarai, irinsa nake yi wa tattabaru. Abin da ya ba ni mamaki, babu wanda ya ba wani kyauta. Washegari na tambaye ta.

"Mu ba ma ba da kyauta sai sarakuna sun iso," ta ce. "Ko yaro ya yi kukan jini sai ya jira. Daɗin abin a jiran yake, ya Awal."

Na ce ni dai ban ga daɗin jira ba. Ta rufe baki da hannu tana dariya kamar yarinya.

Ƙarshen shekara ta aike ni na zaga rabin Dokki neman inabi, wai kowa sai ya haɗiye ƙwaya goma sha biyu in agogo ya buga sha biyun dare. Na samo mata wasu ƙanana masu tsami. Raƙuma kuwa sun kusa, sun sauko daga kantar sun hau teburin.

Ran biyar ga Janairu tun safe muke kwaɓa fulawa. Burodi ne zagayayye kamar gammo, da ruwan furen lemo da busassun 'ya'yan itace a kai. Ta tura ɗan ƙaramin sarki na tangaram a cikin kwaɓin, ta kuma tura busasshen ful ƙwaya ɗaya. Wanda ya ci karo da sarki a rabonsa a sa masa hular takarda, wanda ya ci karo da wake a yi masa dariya. Na ce, "Madam, shekara biyu ina gudun waken nan, har cikin burodi za ki ɓoye mini shi?" Da la'asar ta sa na ajiye bokitin ruwa da damin ciyawa a baranda, wai na raƙuma ne in sun iso a gajiye. Ta ajiye takalminta ɗaya a bakin ƙofar barandar, sannan ta nuna ƙafata da sanda.

"Cire."

"Madam, ni Musulmi ne. Kuma ni ba yaro ba ne."

"Sarakunan ma ba Kiristoci ba ne lokacin da suka taso. Cire. A cikin takalmi suke ajiye kyauta. Wanda bai yi hali ba gawayi suke zuba masa."

"To da me zan koma gida?"

Ta ɗauko mini takalmin marigayi mijinta. Ya yi mini yawa, na cusa jarida a ciki. Ina bakin ƙofa ta ce me nake so sarakuna su kawo mini. Na ce, "Kin san abin da nake so." Ta ce, "Ka zo da wuri."

Na zo da wuri. Ammu Ramadan ba ya kan bencinsa, ashe yana sama, tsaye a falo da sabuwar jallabiya, baki har kunne. Madam ta ci kwalliya. Raƙuma uku sun durƙusa a gaban garke. Takalmina an goge shi yana ƙyalli, a ƙafa ɗaya safa ce sabuwa da alewa, a ɗayar kuma ambulan mai bakin shuɗi da ja, an ɗaure ta da jan zare. Tun daga nesa na gane rubutun Sani.

Wallahi na yi murna. Sai da na durƙusa. Madam tana tafi tana cewa, "Sati uku tana cikin durowata! Sati uku! Kullum ina jin ka kana tambaya, kamar in fashe." Ammu Ramadan ya ce, "Ta rantsar da ni, ya ibni, ta rantsar da ni." Na tsinke zaren da haƙori.

"Yaya Auwalu, bayan gaisuwa mai yawa. Wasiƙarka ta iso, na karanta wa Inna sau uku. Ta ce karatu ba dole ba ne, ka dawo gida. Yaya, jikin Inna ya yi tsanani, tarin nan yanzu har da jini. Alhaji Isiyaku mai fata ya tafi aikin hajji kafin wasiƙarka ta zo, don haka adireshinka na Darrasa kawai yake da shi. Kwana goma bayan Sallah zai sauka Alƙahira, zai yi mako guda a masaukin da alhazanmu suke sauka a Ataba. Ya ɗauki nauyin tahowa da kai. Ka neme shi, don Allah kada ka yi jinkiri. Tun da ta kwanta sunanka take kira. Auwalu, Auwalu, a gaban kowa."

Na ƙirga kwanakin a yatsa, na sake ƙirgawa. Madam ta daina tafi.

"Mene ne? Ya Awal, mene ne a ciki?"

Na miƙe da wasiƙar a hannu. Na sauka benen da gudu da takalmin mijinta a ƙafata.

Mai masaukin wani tsoho ne mai ido ɗaya. Ina faɗar sunan ya ce, "Alhajin Najeriya, dogo? Yau kwana bakwai da tafiyarsa. Kai ne Auwal? Ina ka shiga, ya ibni? Mutumin nan kullum sai ya tafi Darrasa neman ka, ga ciwon ƙafa yana fama da shi. Abokanka sun ce ba su san inda kake ba. Wani mai kantin littattafai ya ce masa ka tafi Libiya." Ya shiga ciki ya fito da wani ɗan ƙulli a tsumman atamfa, ya ce Alhaji ya bari ko Allah zai sa in zo. Na gane atamfar, tsohon zanen Inna ne. Kuka ce da daddawa da yaji a ciki. Na zauna a matakalar masaukin na sa fuskata a ƙullin nan na yi kuka, mutane suna raɓawa ta gefena suna wucewa.

Watau ranar da tsofaffin nan suke murza tulu suna waƙa, Alhaji yana tsallaken kogi, tafiyar bas ɗaya tsakaninmu. Kwana bakwai yana ɗingishi a lungunan Darrasa, ni ina Dokki ina tura raƙumin yumɓu da ɗan yatsa, wasiƙar tana cikin durowar da nake gogewa kowace safiya. Na zagi Madam a raina, na zagi sarakunanta, na zagi Ustazu Bashari. Da na gama zagin kowa sai na tuna wanda ya bar Darrasa bai faɗa wa kowa inda ya nufa ba.

Ban koma Dokki ba. Na rubuta wa Sani cewa ina neman hanyar zuwa, na koma dako, ina bin ofisoshin jiragen ruwa ko za a ɗauke ni aiki zuwa Legas. Babu abin da ya yiwu.

Bayan kamar wata ɗaya da rabi, wata ranar Talata da hantsi, ina shanya a saman bene sai na ji ƙarar sanda a matakala, ƙwas, ƙwas, ana hutawa ana ci gaba. Hawa shida ne. Madam Pilar ce ta ɓullo, Ammu Ramadan yana riƙe da gwiwar hannunta, fuskarta ta yi fari fat, numfashi yana neman gagarar ta. A hammatarta ga takalmina a naɗe cikin jarida. Ba ta gaishe ni ba, ambulan ta miƙo mini da hannu biyu.

"Yau ta zo," ta ce. "Ko awa biyu ba a yi ba. Ban ajiye ta ko a kan tebur ba."

A tsaye na karanta. Inna ta yi kwana goma sha biyu bayan dawowar Alhaji, Allah ya yi mata rasuwa. Sani ya ce ranar da aka ce Alhaji ya sauka, ta sa aka tashe ta zaune, aka ɗaura mata sabon kallabi, aka share ɗakin. Da ya yi sallama ya shigo shi kaɗai, ta leƙa bayansa, ta yi masa barka da dawowa, ta ce a kwantar da ita. Daga nan ba ta ƙara kiran sunan kowa ba.

Na ninke takardar. Madam ba ta iya karanta Hausa ba, amma ba ta tambaya ba. Ammu Ramadan ya ja salati ya juya yana kallon tattabaru.

"Kwana nawa?" ta ce.

"Sha biyu."

"Da ka same ta."

"Da na same ta."

Ta ce, "Ka zage ni, ya Awal. Don Allah ka zage ni. Ni so na yi ka ji abin da nake ji ina yarinya in na ga takalmina da safe. Shi ke nan abin da nake da shi da zan ba ka."

Na shirya mata maganganu da yawa a makonnin nan, da Larabci da Hausa. Na dubi tsohuwar nan da ta hau bene hawa shida da sanda, ita ce kuma ta sa ni na rubuta wasiƙar tun farko, ba don ita ba da Inna ta tafi ba ta san ko ina raye ba. Na buɗe baki, babu abin da ya fito sai kalmar nan da na tsana.

"Ma'alish, Madam."

Na jawo mata akwatin kwanona ta zauna a kai, na ɗora shayi.

Na koma mata aiki, tunda babu sauran abin yi wa sauri. Ni na naɗe raƙuman a jarida na mayar da su saman kabad, don tun ranar nan ba ta taɓa teburin ba. Kafin wani Disamban ya zagayo na dawo gida, ba karatu, ba Inna.

Yanzu na tsufa a Ringim. Yara suna yi mini dariya wai in aka ba ni saƙon wani ko abinci nake ci sai na miƙe na kai. Su yi ta yi. Abin da ban samu ba dai ɗaya ne. Sani ya ji, matan maƙwabta sun ji, har mai kawo ruwa ya ji yadda sunana yake fita daga bakin Inna. Na sha roƙon Sani ya kwaikwaya mini ko sau ɗaya. Kullum sai ya buɗe baki, ya girgiza kai, ya ce, "Yaya, ba zan iya ba."